Ewurabena, Wadda Ta Dawo Mana Da Ramukan Hanyarmu

Ƙarfe shida na safe Ewurabena Ghartey take zama da kofin kokonta, tagar ɗakinta a buɗe wajen teku, ta kunna kwamfuta ta fara karanta zagin da aka yi mata jiya. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana haka. Kamfanin da ya ƙera wasan tseren motocin da muke bugawa ta intanet yana Accra, mu masu bugawa muna warwatse daga nan Takoradi har ƙasashen sanyi, ita kuma aka ajiye ta a tsakani. Kukanmu ita ke kai musu, amsarsu ita ke kawo mana, in babu amsa kuma ita ke shan dukan. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aikin, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da idona ya gani tun tana iya ji da kunnenta.

Ni wanki nake kiran aikin safiyarta. Wani zai rubuto ya ce, "Ku ɓarayi, motarku na zamewa a kwana kamar sabulu, uwar wa ta koya muku aiki?" Abin da zai isa teburin masu ƙera wasan shi ne, "Tayar baya ba ta kama ƙasa a kwana ta huɗu idan ana ruwa." Uwar tana tsayawa wurin Ewurabena. Idan su kuma suka maido da dogon Turancin nan nasu mai shafi biyu, sai ta matse shi ta shanya mana: "Sun gani. Laifinsu ne. Sati biyu." Kafin hantsi ta wanke saƙo ɗari uku, kokon ya huce bai kai rabi ba.

Ni direba ne. Motar katako na fara ja, na ƙare da bas, shekara talatin da huɗu, har ranar da 'ya'yana suka ɓoye makulli suka ce idona ya yi rauni. A bayan tasha akwai shagon Kojo Lanti, inda aka ɗaure sitiyari uku a jikin benci, kowane da totur da birkinsa da allo a gabansa. Can muke yini ni da Egya Ato Bentsil, wanda ya girme ni da shekara biyar, ya kuma fi ni iya tuƙi, amma ban taɓa faɗa masa ba. Yara masu bugawa a waya suna mana dariya, su ce tsofaffi sun koma makaranta. Su yi ta yi. A kan Tsohuwar Hanya ba su taɓa ganin komai ba sai ƙurarmu.

Tsohuwar Hanya ita ce maganar. Mil goma sha bakwai ce a bakin teku, wadda muka bi muna samari kafin a yi sabuwa ta cikin tudu. Ta gaske ta tafi. Teku ya cinye gadar, ciyawa ta cinye saura. Lokacin da ake ƙera wasan, Ewurabena, tana yarinya sabuwar gama makaranta, ta zo tasha da ɗan abin naɗar murya ta zauna da mu sati uku. Tana saya mana gasasshen agade da gyaɗa tana tambaya: ina kwana take, ina gangara, ina rami, nawa ne faɗinsa, wace taya yake fara kamawa. Mu muna zuba ne kawai don agaden. Bayan shekara sai ga ta da allo, ta ce in zauna.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. A cikin wasan nan kullum la'asar ce. Rana ta yi taushi a kan ruwa, jiragen masunta suna kwance a yashi da tutocinsu, itatuwan kwakwa sun sunkuya kamar masu gaisuwa. Akwai wata mata da ke shanya kifi a mil na shida, ba ta taɓa gama shanyawa ba, ba ta taɓa tsufa ba. Wani lokaci nakan rantse ina jin warin hayaƙin kifin, alhali babu komai a shagon sai warin takalmin Kojo. Kuma sitiyarin yana magana. In taya ta faɗa rami sai ya doke ka a tafin hannu, daidai inda na gaske yake dukanka shekara arba'in da suka wuce.

Ramukan ɗari da arba'in ne, manyan kuma duk da sunansu tun zamaninmu. Akwai Tagwaye. Akwai Farantin Fasto, don duk wanda ya wuce sai ya bar wani abu a ciki. Babbarsu tana bayan gada, wadda Egya Ato ya raɗa wa Surukata. Ba a yin tsere a gama ba tare da an tsine wa Surukata ba. A zauren hira, a murya, a rubuce, safe da yamma: Surukata ta karya mini ƙafa, Allah ya isa tsakanina da Surukata. Har wata ma'aikaciyar jinya da ke Hamburg, wadda ba ta taɓa taka hanyar da ƙafarta ba, ta iya zagin daidai da muryar Egya.

Ewurabena tana da wata al'ada da babu wanda ya sa ta. Kowace Juma'a da ƙarfe huɗu takan shiga tseren da kanta, a wata 'yar mota ruwan ɗorawa da ko keke zai wuce, ta bar muryarta a buɗe. Duk mai ƙorafi sai ya ɗaga ƙafa daga totur, ya bari a wuce shi, ya jero da ita, sannan ya faɗi abin da ke cinsa. Na taɓa tambayarta dalili.

"Wofa Mairiga," ta ce, don haka take kirana, wato kawu, "wanda ya yarda ya zo na ƙarshe don ya yi mini magana, maganarsa ta dame shi da gaske. Mai neman surutu kawai ba zai bar tserensa ba."

Na ce a raina, yarinyar nan da a tasha ta tashi da ta riƙe ƙungiyar direbobi.

Bara waccan mahaifinta ya rasu, ta tafi Saltpond sati uku. A daidai lokacin kamfanin ya yi sabon shugaban masu ƙira, Selorm Agbeko, mutum mai tabarau da kyakkyawar niyya. Ya zo da wata na'ura mai ƙirga kalmomi, ya zuba mata saƙonninmu na shekara tara ya tambaye ta abin da ya fi damun jama'a. Na'ura ta ce rami. Sau dubu goma sha ɗaya an tsine wa rami. Bawan Allah ya ga ya samo hanyar faranta mana, ya sa aka cike su duka, ya yi shiru don ya ba mu mamaki.

Ranar wata Talata da safe na zauna, na tayar da mota, na fita. Mil ɗaya, shiru. Mil biyu, shiru. Sitiyarin yana hannuna kamar hannun wanda ya suma. Tekun yana nan, matar tana shanya kifinta, amma ji na yi kamar na shiga gidanmu na tarar an shafe fuskokin mutanen ciki. Na waiga wajen Egya Ato. Ya tsayar da motarsa a bayan gada, a kan kwalta mai santsi kamar gogaggen wando, yana kallon wurin da Surukata take a da.

"Ina ta tafi?" ya ce.

Kafin azahar zauren hira ya kama da wuta. Kamfani ya fitar da layi ɗaya: "Mun ji ku, muna nazari." Bayan kwana biyar suka sake fitar da shi. Bayan sati biyu suka sake, har da ɗan hoton hannuwa biyu a haɗe. Wannan shirun ya fi cike ramukan ciwo. Mutum yana iya haƙuri da kuskure, amma ka tsaya a bakin ƙofa kana ƙwanƙwasawa kana jin motsin mutane a ciki, wannan wani abu ne daban. Tseren Juma'a da ke tara mutum dubu biyu ya koma ɗari da 'yan kai. Egya Ato ya daina taɓa sitiyari. Yakan zo shagon dai, ya zauna a bakin ƙofa da hannuwansa a cinya, yana kallon basa-basan da ke lodi.

Ta dawo daga makoki ta tarar da saƙo dubu shida, rabinsu da sunanta a ciki. Ranar Juma'a ta shiga 'yar motarta kamar kullum. A ranar babu wanda ya yi tsere. Duk muka jero da ita, har Egya, wanda na ja da hannu zuwa benci.

"Ke ma bakinku ɗaya," ya ce mata, ko ta'aziyya bai yi ba. "Kin ci agade da mu, kin kwashe hanyarmu a bakinmu, kin kai an yi mata kaciya."

"Egya, barka da yamma."

"Ban amsa ba."

"To. An ce in ce muku mun ji ku, muna nazari. Na faɗa, kun ji. Yanzu ga nawa. Ba nazarin da ake yi. Sun riga sun yanke ba za a dawo da ramukan ba, wai sababbin shiga sun fi son santsi. An ce kada in gaya muku sai kun huce. Na gaya musu da safen nan cewa zan faɗa."

Injuna ɗari suka ci gaba da tafiyar hawainiya.

"Za su kore ki," in ji 'yar Hamburg.

"Wataƙila. Ban ce zan dawo muku da su ba, don ban sani ba. Asabar biyu nake roƙo."

Ke ce kika tsaya a ranar, Ewurabena, da baƙin zanen makokin ubanki a jikinki, tsakanin masu biyanki albashi da masu zaginki, kika ƙi yi wa kowannensu ƙarya. Na yi shekaru ina ganin masu shiga tsakani, a tasha, a kan iyaka, a ofishin lasisi. Kusan dukkansu sukan ba kowane ɓangare abin da yake son ji, su wuce da nasu. Ban taɓa ganin wanda ya ba kowa abin da ba ya son ji kuma ya dawo washegari ƙarfe shida ba, sai ke.

Daga baya muka ji abin da ta gaya wa Selorm: ko ya zo Takoradi da ƙafarsa, ko ya nemi wanda zai riƙa karanta masa zagin safiya. Asabar ta biyu sai ga shi da jakar baya, yana share gumi. Ba ta kai shi taro ba, shagon Kojo ta kawo shi. Akwai abin da ta sani wanda mu muka manta. Sitiyari na uku, na lungu, ɓera ya cinye wayarsa ta intanet tun kafin Ista, Kojo kuma bai gyara ba saboda rowa. Sabon gyaran bai shige shi ba. Tsohuwar Hanya tana nan a cikinsa da ramukanta cif.

Ta zaunar da Egya Ato, sannan ta juya allon ya fuskanci Selorm. Egya ba ya ganin komai sai bayan allo da kashin ƙadangare.

"Egya, kai mu gada."

"Da wane ido?"

"Kai da kake cewa kana iya binta a makance. Ko cika baki ne irin na direbobin katako?"

Ya harare ta, ya tofa yawu a tafin hannu, ya kama sitiyari. A hankali ya tafi, giya ta biyu, kansa a karkace kamar mai sauraren waƙa daga nesa. "Ga ɗan iskan nan na farko," ya ce, sai sitiyarin ya zabura. "Bayansa kwana hagu, ƙirga uku." Ya karya. "Tagwaye, ku ci gidanku." Dukan farko, dukan biyu. "Fasto, yau ba ni da canji," ya kauce ta dama, taya ɗaya a yashi. Kowane rami sai ya zage shi kafin ya iso, kowane duka kuma sai ya gaya masa inda yake. Sau ɗaya ya goga katangar makaranta. Mil goma sha huɗu ya yi haka, har ƙarar taya ta canja a kan katakon gada. Selorm ya cire tabarau ya goge ya mayar.

Ta kai Egya sitiyari na farko, mai hanyar da aka cike wa ramuka, ta juya allon. Bai cika minti ɗaya ba ya shige teku.

"Amma Egya," in ji Selorm, muryarsa ƙasa-ƙasa, "zaginsu kuke yi. Sau dubu goma sha ɗaya. Na ga lissafin da idona."

"Kana da aure, mai tabarau?"

"Ina da shi."

"Shekara nawa?"

"Uku."

"Shi ya sa. Ni matata shekara arba'in da shida ina ƙorafinta a tasha, kowa shaida ne. Je ka ɗauke ta ka gani."

Shagon ya fashe da dariya, har Kojo. Selorm bai yi ba. Ya ce ba abu ne da za a danna a dawo da shi ba, an riga an canja ginin wasan, sai dai a sake haƙa kowane rami da hannu, ɗaya bayan ɗaya, wata huɗu aƙalla. Ewurabena ta ce, "To faɗa musu haka. Kai da bakinka, ranar Juma'a. Zan ara maka motata." Ya shiga kuwa. Awa biyu ana wanke shi tas, yana cewa na ji, laifina ne. Aka bar mai santsi ga masu sonta, aka fara haƙa tamu.

Wata huɗun nan wata takwas ya zama. Amma wannan karon jira bai yi ɗaci ba, don kowace Juma'a tana zuwa da labari. An haƙa bakwai. An haƙa uku, ɗaya ya fito murabba'i an sake shi. Wannan satin ko ɗaya ba a haƙa ba, mai haƙar matarsa ta haihu, namiji ne. Tun kafin mu tambaya take gaya mana an makara. Mutane suka fara dawowa kaɗan-kaɗan, wasu don jin labarin kawai.

A wata na shida ɓarin jikin Egya Ato na hagu ya shanye. Ta je gidansa da lemo. Ina zaune a wurin, matar tasa tana yi masa fifita.

"Sun kai gada?" ya ce, bakinsa a karkace.

"Saura mil ɗaya da rabi, Egya. Na roƙe su su tsallake su haƙa maka Surukata tukuna. Sun ce ba ya yiwuwa, a jere ake ɗinka hanyar. Na yi faɗa, ban ci ba."

Da wani ne da ya ce masa sati mai zuwa, don ya ji daɗi. Egya ya daɗe yana kallonta.

"To zan jira," ya ce. "Surukata ba ta kashe ni da mota cike da buhun gari ba, ba za ta kashe ni da jira ba."

Ranar da aka buɗe hanyar, mu huɗu muka ɗauko shi a kujera muka ajiye kusa da ni. Ba ya iya riƙe sitiyari, don haka ni na tuƙa, shi ya ɗora hannunsa mai lafiya a kan nawa. Mutum dubu biyu da ɗari uku suka fito. La'asar ɗin nan tana nan yadda muka bar ta, ruwa yana ƙyalli, kwakwa na sunkuye. Dukan farko ya zo, na ji yatsunsa sun matse nawa. Muka wuce Tagwaye, muka ba Fasto nasa. Muka hau gada, muka sauka, ni kuma da sabon shekara talatin da huɗu na karya dama na kauce wa Surukata tsaf, ko gefenta ban taɓa ba.

"Wa ya ce ka kauce?"

"Egya, tsere muke yi."

"Ja baya, ɗan zango. Wata takwas ina jiranta."

Na taka birki a tsakiyar tsere, motoci na wuce mu suna hon, na sa ribas, na daidaita, na shige ta da tayar gaba. Sitiyarin ya doke mu har benci ya motsa. Egya ya buɗe karkataccen bakinsa ya yi mata zagin da ba zan rubuta a nan ba, hawaye na bin kuncinsa ɗaya. Sai ya ja hanci ya ce, "An rage mata zurfi da yatsa biyu. A gaya wa mai tabarau."

Daga can baya, cikin lasifika, muryar Ewurabena ta zo: "Na rubuta, Egya."

Yanzu likita ya ce kunnenta na dama ya gaji da abin saƙalawa, za ta koma Saltpond kusa da mahaifiyarta. Babu sunanta a jikin mota ko ɗaya a wasan nan, babu shi a allon waɗanda suka ci tsere. Ku da ke zaune a bayan tebur, a kamfanin waya ko na wasa ko na wuta, da jama'a ke jira a ƙofarku, ku dube ta. Ba sai kun iya gyara komai ba. Ku fito ku ce mun yi kuskure, ku ce ban sani ba, ku ce an makara. Kuma kafin ku cike wa mutane rami, ku tambaye su. Mu ma masu zagi mu tuna cewa ba kamfani ke karantawa ba, mutum ne, da kokonsa yana hucewa.

Na gode, Ewurabena, mai wankin magana. Ke ce kika ji abin da muke nufi a ƙarƙashin abin da muke faɗa. Allah ya huta da kunnenki, ya ba ki safiyar da ba kowa a cikinta sai teku. Na je na gaya wa Egya Ato zan yi rubutun nan, na tambaye shi ko yana da saƙo. Ya ce in gaya miki har yanzu bai yafe yatsa biyun nan ba, kuma kada ki tafi ba ki biyo ta gidansa ba, matarsa ta ajiye miki kifi.